Sukari da Ƙafar Bakaniken Gauraka

Ni dai ba a taɓa yabona da sanyin hali ba. Tun ina ƙarama a gidanmu da ke unguwar Hashimi a Suleja mahaifiyata take cewa zuciyata a wuya take, kuma aikin jinya bai saukar da ita ba, sai ma abin da ya ƙaru. Faɗace-faɗacen da na yi a bakin aiki ba su ƙirguwa, yawancinsu na manta, wasu in na tuna dariya nake yi. Guda ɗaya ne har yau in ya faɗo mini a rai sai abinci ya fita kaina, shi ne maganar ƙafar wani bakanike ɗan Gauraka.

Abin ya faru ne a ƙarshe-ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da Abuja ta cika ta riƙa turo mana mutane. Duk wanda bai iya kama ɗaki a can ba, a Suleja yake kwana. Magina, leburori, direbobi, 'yan acaɓa, masu walda, kowa da irin raunin da sana'arsa ke jawo masa, kuma da yawansu a kan bencina suke ƙarewa, domin ni ke riƙe da ɗakin wanke ciwo a wani ƙaramin asibiti cikin gari. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da benci, da bokiti biyu, da rishon da nake dafa almakashi da hantsaki a kai. Magani kuwa ruwan gishiri ne da shuɗin nan da ake shafa wa ciwo, sai aidin in an yi sa'a. Bandeji da auduga majinyaci ke sayowa daga kyamis.

Shugaban wurin, wanda muke kira Oga, ba likita ba ne, jami'in lafiya ne, amma marasa lafiya likita suke ce masa, ban kuwa taɓa jin ya gyara wa kowa ba. Kada in ci haƙƙinsa, hannunsa yana da kyau. In ya ɗinke rauni sai ka rantse tela ne, ba ya makara, ba ya karɓar na goro. Ciwonsa ɗaya ne, a asibitin nan babu ilimin da ke da izinin shigowa sai ta bakinsa. Kowace Litinin da safe duk ma'aikata muna taruwa a ofishinsa, shi ya yi magana, mu mu ce haka ne, Yallaɓai, a watse.

A gidanmu akwai wata Bakatsiniya da ta kama hayar ɗaki. Mai buga takardu ce a wani ofishi a Abuja da ke harkar lafiya, da asuba take bin motar haya, sai magariba take dawowa. Yaya take ce mini, ko da yake da kaɗan na girme ta. Takan kwaso wa mahaifiyata takardun da aka gama da su a ofis don ƙunshe gyaɗar da take sayarwa. Wata rana ina taya tsohuwa ƙunshi, idona ya faɗa kan wata takarda, na ga ana maganar yadda za a riƙe yaro mai fizge-fizge a yi masa allura ba tare da an ji masa ciwo ba. Na ajiye gyaɗa na karanta har ƙarshe, na juya baya ina neman sauran, ashe tsohuwa ta riga ta ƙunshe shi.

Da Bakatsiniya ta dawo na tare ta. Ta ce ai a ofishinsu akwai kwamfuta da aka haɗa da layin tarho, wasiƙu suna shigowa ta ciki. Ma'aikatan lafiya ne na ƙasashe daban-daban suka yi wani zaure a can, in mutum ɗaya ya rubuta, kowa ya samu. Shugabanta a ofis ya sa ta riƙa bugawa tana jerawa a fayil, shi ko buɗewa ba ya yi. Ni a lokacin ko ganin kwamfuta ban taɓa yi ido da ido ba. Na ce don Allah daga yau duk abin da ya shigo ta bugo mini nawa, ta ce wannan ai mai sauƙi ne.

Wallahi waɗannan takardu sun buɗe mini kai. Ba manyan asibitoci ba ne, mutane ne irina, masu ɗaki ɗaya da bokiti biyu. Wannan ya faɗi yadda yake yi da kayan aiki in kananzir ya yanke, wancan ya faɗi dabarar da ta sa iyaye mata suka daina tsallake ranar rigakafi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kuskure kaza, mara lafiya ya sha wuya, don haka kada kowa ya maimaita. Har na ga inda wata nas ta gyara wa likita magana, shi kuma ya rubuto yana gode mata. Na karanta wurin sau uku, don ni a inda nake aiki ko a mafarki ba a yin haka.

Cikin wannan lokaci ne bakaniken ya zo. Mutum ne ɗan kimanin shekara arba'in, gajere, ƙaƙƙarfa, mai ban dariya, garejinsa yana bakin titi a Gauraka. Giyabos ɗin wata mota ne ya zame masa ya yage masa ƙwauri. Da na tambaye shi me ya sa wa ciwon, sai ya ce man birki, kamar yadda kowane bakanike yake yi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Sai da ya yi mako biyu a haka, wari ya fara korar masa masu mota, sannan matarsa ta tilasta masa zuwa. Na kwance tsumman, na ga abin da na gani, na rufe shi da faɗa. Na ce in man birki magani ne me ya hana shi sha da safe? Ya yi dariya ya ce, Sista, a yi haƙuri, mota ma in ta zo hannunsa sai ya zage ta kafin ya gyara ta.

Tun ranar farko ya gaya mini abin da ke ransa. Ya ce shi bai damu da zafi ba, kada dai a taɓa masa ƙafa. Da ita yake shiga ƙarƙashin mota, da ita yake taka kuloci ya ji inda ciwon mota yake, da ita 'ya'yansa biyar suke ci. Na ce masa in ya riƙa zuwa kullum, ya kuma daina kwanciya cikin baƙin mai, babu mai taɓa masa ƙafa. Ni na faɗi wannan da bakina.

Ya kuwa riƙa zuwa, bai taɓa fashi ba. Mako uku ina wankewa da ruwan gishiri, ina shafa shuɗi, ina ɗaurewa, yana shan ƙwayoyin da Oga ya rubuta masa. Ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ramin ya yi zurfi, yana ta zubar da ruwa, warin nan in ya shiga ɗakin sai yamma yake fita. Na kai wa Oga magana ko a tura shi babban asibiti, ya zo ya leƙa, ya ce bai kai nan ba, a ci gaba. Shi ma bakaniken ba ya son tafiyar, don in ya kwanta a can gareji ya mutu.

Sai ga Bakatsiniya da wata takarda. Wata ma'aikaciyar jinya ce daga wani ƙauye can gabashin Afirka ta rubuta yadda suke yi da gyambon da ya ƙi jin magani. Wai bayan an yanke mataccen nama an wanke tas, sai a cika ramin da sukari, farin sukarin nan na shayi, a rufe, a canza safe da yamma. Sukarin yana tsotse ruwan ciwon, ƙwayoyin cuta su rasa wurin zama, wari ya ɗauke, sabon nama ya taso. Da farko tsaki na yi. Amma a ƙasa sai ga wasu mutum uku daga wurare dabam suna cewa su ma haka suke yi, har da wani likitan fiɗa.

Ban tsaya nan ba. Na zauna na rubuta bayanin ciwon bakaniken a takarda, faɗinsa, zurfinsa, kwanakinsa, na ba Bakatsiniya ta buga ta aika da sunan wata nas daga Suleja. Kwana biyu sai ga amsoshi. Mutanen da ba su san ni ba, ba su san ko ina ne Suleja ba, suka zauna suka yi mini bayani dalla-dalla. Suka ce in fara duba ko yana da ciwon suga, in tabbatar jini yana isa yatsunsa, in kuma lura da ƙashi, domin in cutar ta kai ƙashi to sukari ba zai yi komai ba, sai babban asibiti. Ɗaya daga cikinsu ta ja kunnena cewa kada in ɓata lokaci, irin wannan ciwo a ƙwauri ba ya jira. Na gwada fitsarinsa, babu suga. Yatsunsa da ɗumi. Ƙashi bai fito ba tukuna.

Ranar Litinin na tafi taro da takarduna a hannu, ina jin kaina kamar wadda ta tsinci dami a kala. Oga ya gama jawabinsa ya ce ko akwai mai magana, abin da yake faɗa kullum ba don yana son amsa ba. Na miƙe. A gaban kowa, har da masu shara da mai gadi, na ce na samo hanyar da za a bi da ciwon bakaniken nan tunda abin da muke yi ya ƙi aiki, na karanta takardar daga farko har ƙarshe, na fassara da Hausa don kowa ya ji. Na ga wasu suna sunkuyar da kai, na ɗauka saurare suke yi.

Oga ya bari na gama. Ya miƙo hannu na ba shi takardun, ya juya gaba ya juya baya.

"Malama, ina hatimin?" in ji shi. "Wace ma'aikata ce ta aiko da wannan? Wa ya sa hannu?"

Na ce babu hatimi, Yallaɓai, ma'aikata ne irinmu suke gaya wa juna abin da suka gwada. Ya ce to shi asibiti yake riƙe da shi, ba teburin mai shayi ba. Aka yi 'yar dariya. Ya ce babu abin da za a sa wa majinyaci a nan in ba ya cikin littafin ƙa'ida, in ina so in rubuto a rubuce, zai tura gaba, in amsa ta zo sai a gani. Ya buɗe aljihun teburinsa ya jefa takardun ya rufe. Kowa a ɗakin ya san abin da ya shiga wannan aljihu ba ya fitowa.

Akwai wata tsohuwar ma'aikaciya mai taya mu gyaran ɗakuna, Iya muke ce mata, ta fi shekara ashirin a asibitin, ta ga shugabanni sun zo sun tafi. Ita ta biyo ni ɗakin wanke ciwo ta same ni ina jifa da kwanoni. Ta ce ni fa na ɓata abina da kaina. Ta ce a gidan nan ba haka ake kai wa babba magana ba, kuma kowa ya sani sai ni. In kana da dabara, sai ka bari ya keɓe, ka shiga ka rufe ƙofa, ka ce Yallaɓai na tuna wata magana da ka taɓa yi, ko kuwa ga wani abu na gani ban gane ba, a duba mini. Ka ajiye ka fita. Bayan kwana biyu zai tara mutane ya faɗe ta a matsayin tasa, kai kuma ka ce haka ne, aiki ya tafi. Ta ce yadda aka sauya wurin ajiye alluran rigakafi dabarar mai gadi ce, layin masu awo kuma tata ce, amma je ki tambayi Oga ki ji.

Na ce wato ƙafar mutum tana ruɓewa, ni kuma in tsaya ina yi wa wani rawani? Iya ta ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ce ni ban iya ba, kuma ba zan koya ba. Ta girgiza kai ta ɗauki bokitinta ta fita.

Washegari na biya wajen mai tebur na sayi sukari na zuba a jaka. Da bakaniken ya zo na tura ƙofa, na yanke abin da ya mutu, na wanke, na cika ramin nan da sukari na rufe. Ya ce, Sista, yau kuma koko za a dama da ni? Na ce ya rufe mini baki, kuma ya dawo da yamma kafin in tashi. Ya dawo na canza. Da safe da na kwance, sukarin ya narke ya zama ruwa, warin ya ragu har ana iya tsayawa kusa. Ban ce ciwon ya warke ba, kwana ɗaya ba ya warkar da komai, amma a mako uku ranar ce ta farko da na ga abin bai ƙara lalacewa ba.

Ina cikin zuba na uku Oga ya turo ƙofa. Ko wani ne ya kai masa, ko ƙafarsa ce ta kawo shi, har yau ban sani ba. Ya dubi ƙullin sukari a kan tire, ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya sa na wanke ciwon na mayar da shuɗi a gabansa. Kafin azahar takarda ta same ni, an ɗauke ni daga ɗakin wanke ciwo an mayar da ni ɗakin kati, wani ma'aikaci ya karɓi wurina, an kuma ce in na sake taɓa majinyaci ba da izini ba magana za ta wuce asibitin nan.

To a nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina jin haushin wani. Na koma ɗakin kati na kumbura. Na daina gaishe da Oga, na daina zuwa taron Litinin, ina jiran duniya ta gane an zalunce ni. Gauraka ba nisa ne da ita ba, mota ɗaya ce. Da na so, in na tashi daga aiki sai in bi mutumin nan har gida in yi masa abin da na sani, ko in koya wa matarsa. Na yi tunanin haka, ba sau ɗaya ba. Sai in ce in aka ji fa, aikina fa, kuma ai ba ni na hana ba, alhakin yana wuyan wanda ya hana. Kullum da safe bakaniken yana wucewa ta tagar kati ya karɓi katinsa a hannuna, ya ce Sista an gudu an bar ni, in ce masa canjin aiki ne. Ina kallon tafiyarsa tana sauyawa. Da yana ɗingishi, ya koma dogara sanda, barkwancin ma ya ragu.

Iya da Bakatsiniya ne suka haɗa baki a bayana. Iya ta zo har gida ta ce ga yadda za a yi: a sake buga takardar nan sabuwa, a ɗora muƙamin Oga a sama, kamar shi aka rubuto wa daga waje, a sa a ambulan a ajiye masa a tebur. Bakatsiniya ta ce wannan aikin minti biyar ne, amma ba za ta yi ba sai na yarda, tunda maganata ce. Na ce a'a. Na ce in yi wahalar nema, a wulaƙanta ni a gaban mai gadi, sannan in naɗe in miƙa masa ya yi ado da ita? Suka yi, suka yi, na ƙi. Kwana goma sha biyu ina kan wannan a'a, ina ganin kaina mai gaskiya.

Ranar da na sauko ita ce ranar da aka kawo shi a bayan acaɓa, mutum biyu suka riƙo shi, jikinsa zafi rau. Ko katin bai iya karɓa ba, matarsa ce ta miƙo hannu. Da yamma na ce wa Bakatsiniya ta buga. Ta bugo da kyau, da muƙaminsa cikin manyan baƙaƙe, har da gaisuwa ta musamman. Iya ta ajiye masa lokacin da take share ofis.

Kwana biyu, kamar yadda Iya ta faɗa, ko ɗaya bai ƙaru ba. Oga ya kira taron gaggawa, har ni aka ce in zo. Ya ɗaga takardar ya ce abokan aikinsa na ƙasashen waje sun rubuto masa game da wata hanya da ya daɗe yana nazari a kai. Ya karanta kalmomin nan da na karanta a wannan ɗakin, a gaban waɗannan mutanen, babu abin da ya sauya sai sunan da ke sama. Wannan ma ba ta da hatimi, ba wanda ya tambaya. Ya ce bambancin shi ne yanzu abin ya biyo hanyar da ta dace. Aka ce haka ne, Yallaɓai. Na ji kamar in ɗauki kujera in rotsa tagar, amma na cije, don an ce in koma ɗakina in fara da bakaniken.

Da na kwance bandejin na san mun makara. Ramin ya ninka, gefensa ya yi baƙi, ga ƙashi nan a fili ya sauya launi, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Abin da mutanen nan suka ja mini kunne a kai ke nan. Na je na gaya wa Oga a tsaye, ban ce Yallaɓai ba. Ya zo ya gani, fuskarsa ta sauya, ya rubuta takardar tura shi babban asibiti nan take. Bayan mako ɗaya labari ya zo cewa an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ban sani ba ko sukarin zai cece ta. Na sha juya wannan a raina, kuma na yi aiki na shekaru bayan haka, na ga inda ya yi aiki na ga inda bai yi ba. Wataƙila cutar ta riga ta kama ƙashin tun kafin takardar ta zo. Abin da na sani shi ne akwai kusan mako uku da za a gwada, ko a gane da wuri cewa sai an tura shi gaba, aka cinye su wajen rigimar bakin da magana za ta fito. Rabi girman kan Oga ya ci, rabi nawa.

Abin haushin kuma, hanyar ta zauna daram a asibitin. Masu gyambo da yawa sun warke a kan wannan bencin, har daga Maje manoma suke zuwa suna tambayar maganin likita na sukari. Oga yakan leƙo yana nuna wa baƙi, yana bayani da hannu. Ni ke zubawa ina ɗaurewa. Mutanen zauren nan kuma sau biyu suna rubutowa suna tambayar yaya mara lafiyar nas ɗin Suleja. Bakatsiniya ta kawo mini, ta ce me za ta ce musu? Su da suke rubuta kuskurensu kowa ya karanta, ni na kasa rubuta layi ɗaya. Na ce ta bari sai na shirya, har aka yi mata canjin wurin aiki ta tashi daga gidanmu ban shirya ba.

Bayan kamar wata takwas, ina dawowa daga wata gaisuwa, motarmu ta lalace daidai Gauraka. Muka sauka ana jiran gyara. Ina neman inuwa sai na ji an ce Sista. Yana zaune a kan benci kusa da teburin wani mai shayi, sandunansa biyu a jingine, ƙafar wandon an naɗe an soke da fil. Ya rame. Garejin yana hannun wani, shi yanzu sai dai in mota ta gagara a zo a tayar da ita a gabansa ya saurara ya faɗi abin da ke damunta. Na so in wuce, babu hanya. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi likita, ya ce a gaishe shi, ai sun yi ƙoƙari, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ya sa aka haɗa mini shayi, na ce na ƙoshi, ya ce ai ba a yi haka ba.

Muna zaune sai ya ce akwai abin da ya daɗe yana son ya tambaye ni.

"Ranar nan da kika sa mini sukari, Sista, ita ce rana ɗaya da na yi barci har safe, matata ma ta ce warin ya tafi. Me ya sa ba a ƙara sa mini ba?"

Babu zargi a muryarsa, tambaya kawai yake yi. Ashe duk abin da ya faru a gabansa bai ɗauke shi komai ba, ya zaci sha'anin ma'aikata ne. Ni da ake tsoron bakina a asibiti da unguwa, na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. In ce masa sunan wani ne ba ya saman takarda? In ce masa kwana goma sha biyu na yi ina fushi da ƙafarsa a hannuna?

Na ce, "Ƙarewa ya yi, Malam."

Mai shayin yana gefenmu yana ɗebo sukari da cokali daga wani babban gwangwani yana zubawa a kofina. Bakaniken ya dubi gwangwanin, ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni. Ya karɓi kofin ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in sha kafin ya huce.